Dillaliyar da ke cikin akwatin talabijin

Akwai wata goggona a Badarawa, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, wadda duk lokacin da na leƙa gaishe ta da hantsi, in dai akwai wuta, sai in tarar da talabijin a kunne, kuma kusan kullum abu ɗaya ake nunawa: wata mata ce a tsaye a cikin wani kicin mai sheƙi tana yanka albasa da ƙaramin inji, bakinta bai tsayawa, lambar waya kuma tana yawo a ƙasan allo. Rannan na kasa haƙuri na ce, "Goggo, ke da ba saye za ki yi ba, me ya zaunar da ke gaban wannan?" Sai ta ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Tun da aka kai auta ɗakinta gidan nan ya yi shiru. Wannan kuwa ba ta gajiya da hira, kuma ba ta taɓa kawo mini labarin mutuwa ko na 'yan bindiga ba." Bayan wata biyu na ga injin yankan albasar a kan kantar kicin ɗinta.

Amsar nan tata ta fi kusa da gaskiyar lamarin a kan bayanin da aka saba yi, wato wai masu kallon tashoshin sayar da kaya mutane ne masu kwaɗayin araha ko marasa wayo. A ganina abin da irin waɗannan tashoshi suke fara sayarwa shi ne hira da sabo, kayan kuma daga baya suke biyowa, kamar yadda ƙunshin dillaliya yake kwance a gefe sai an gama gaisawa an taɓa labarin unguwa sannan a kwance shi.

Asalin sana'ar ma da muryar mutum ya fara, tun kafin a kai ga hoto. A 1977 wani ƙaramin gidan rediyo a jihar Fulorida ta Amurka ya bi wani ɗan kasuwa bashin kuɗin talla, mutumin ya rasa kuɗin biya, sai ya ba da na'urorin buɗe gwangwani guda 112 a madadin kuɗin. Mai gidan rediyon, Lowell Paxson, ya sa wani mai gabatar da shiri, Bob Circosta, ya tallata su kai tsaye a kan dala 9.95 kowace ɗaya, nan take aka saye su tas. Daga wannan ne Paxson da abokin kasuwancinsa Roy Speer suka buɗe tashar talabijin ta sayar da kaya a 1982, wadda a 1985 ta game ƙasar da sunan Home Shopping Network. A 1986 Joseph Segel ya kafa wata tashar irinta mai suna QVC, wadda ta zo ta fi ta girma, ta shiga Ingila a 1993, Jamus a 1996, Japan a 2001, har a 2017 kamfanin da ya mallake ta ya saye tsohuwar kishiyar tata suka koma inuwa ɗaya. Tashoshi ne da ba su da wasan kwaikwayo, ba labarai, ba ƙwallo, ba komai sai talla dare da rana, amma duk da haka mutane suna zama su kalla da son ransu, alhali a sauran tashoshi da zarar an sako talla kowa ke miƙewa ya tafi shan ruwa.

Tun kafin a ƙirƙiri waɗannan tashoshi masana sun lura da abin da ke faruwa tsakanin mai kallo da wanda yake gani kullum a allo. A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun bayyana yadda mai gabatar da shiri yake duban kyamara kamar yana duban idon mutum ɗaya, yana magana da sigar hira, har mai kallo ya wayi gari yana jin ya san shi kamar maƙwabci, alhali shi wancan bai san da zamansa a duniya ba. Zumunci ne mai ƙafa ɗaya. Mu nan Kaduna ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962 iyayenmu suke ambaton sunayen masu gabatar da shirye-shirye kamar 'yan uwa, in ɗaya ya kwana biyu ba a ji shi ba a shiga tambayar ko lafiya. Abin da tashar sayar da kaya ta yi shi ne ta ɗauki wannan sabo ta ɗora masa farashi. Masu gabatarwarta sukan shekara goma ko ashirin a tasha ɗaya, suna ba da labarin 'ya'yansu da rashin lafiyar iyayensu da abin da suka dafa jiya, ana kuma buɗe layi masu saye su bugo waya a ji muryarsu a duk ƙasa suna yabon tukunyar da suka saya bara. Wanda ya bugo ya samu an ambaci sunansa da garinsu, waɗanda suke saurare kuma sun ji shaida daga bakin mutum irinsu. Kamfanin QVC da kansa yakan bayyana a rahotanninsa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na cinikinsa daga tsofaffin abokan ciniki yake fitowa, yawancinsu kuma mata ne da suka manyanta. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, amma a nan ba wauta ba ce, mutum ne ya koma inda ake sakar masa fuska.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan tsari tun kafin ya san talabijin. Matar aure da ba ta fita kasuwa, kasuwar ce take zuwa mata har tsakar gida a kan dillaliya, da atamfa da leshi da kwanuka da sarƙa, wani lokaci har da kayan da wata maƙwabciya ta bayar a sayar mata a asirce don ta fita wata kunya. Dillaliya ba ta shigowa ta ce ga kaya ga kuɗi. Sai ta zauna an kawo mata ruwa, ta tambayi mai gida da yara, ta faɗi wadda ta haihu da wadda za a aurar, sannan ta warware turmi ɗaya ta ɗora wa uwar gida a kafaɗa ta ja baya ta ce, "Kai, Hajiya, kamar don ke aka buga shi." Ta san wadda ke tara kayan ɗakin 'ya, ta san wadda adashinta ya kusa fitowa. La'adarta a kan wannan sani take. Mai gabatarwa a tashar talla ita ma haka take yi, sai dai gidaje dubbai take shiga a lokaci guda, kuma sanin da dillaliya take samu ta hanyar zama da mutane ita ta na'ura take samunsa. A manyan tashoshin akwai ɗan abin saurare a kunnen mai gabatarwa, a bayan fage kuma akwai masu lura da allon da ke nuna yawan masu bugo waya daƙiƙa bayan daƙiƙa. In ta faɗi wata magana, misali cewa wannan tukunya ba ta kama shinkafa, aka ga kira ya ƙaru, nan take za a raɗa mata ta maimaita. Abin da mai kallo yake ɗauka hira ce ta zo a kan gaɓa, a gaskiya ana auna shi kamar yadda ake auna zafin jiki.

Sai kuma nuni, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Tallar da aka saba gani a talabijin ba ta wuce daƙiƙa talatin ko minti ɗaya, tana faɗin sunan kaya ta wuce. Tashar sayar da kaya kuwa takan ɗauki minti goma ko ashirin a kan abu ɗaya, a zuba masa miya a goge, a jefar da shi ƙasa a ɗauka, a juya shi ciki da bai, a kawo kyamara kusa har ka ga zaren ɗinki. Gani ya kori ji. A 1992 wata mata mai suna Joy Mangano ta kai wa QVC wata mofa, wato abin goge ƙasa, da ta ƙirƙira wadda ake matsewa ba tare da hannu ya taɓa ruwan datti ba. Da farko da aka tallata ba da ita ba cinikin bai taka kara ya karya ba, amma da aka bar ta ta fito da kanta ta nuna yadda ake aiki da ita, sai aka sayi kimanin 18,000 cikin ƙasa da rabin awa. Kayan bai canza ba, hannun da ya riƙe shi ne ya canza. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Kawo ya ga yadda mai maganin gargajiya yake tara jama'a da lasifika, ko ya ga mai sayar da maganin cire tabo yana zuba wa farin ƙyalle manja yana wankewa a gaban mutane, ya san cewa kallon abu yana aiki yana da nasa daɗi ko da ba ka da niyyar saye. Akwai wata natsuwa da mutum yake samu in ya ga matsala ƙarama an warware ta a gabansa cikin minti biyu, musamman mutumin da manyan matsalolinsa, kuɗin makaranta da na asibiti da na haya, ba su da irin wannan saurin magani.

Inda dabarar ta fi kaifi shi ne wajen farashi, kuma a nan ne ya kamata Bahaushe ya fi lura, domin an karɓe masa makaminsa ba tare da ya ankara ba. A Kasuwar Barci ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ciniki tattaunawa ce. Mai kaya ya sa suna, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka ya sallama, wani lokaci har da gyara. Ƙafarka ita ce ƙarfinka, domin rumfa ta gaba tana da irin kayan. A talabijin babu tayi. Abin da aka ba ka a madadinsa shi ne wasan kwaikwayon tayi: a rubuta babban farashi a soke shi da jan layi, a rubuta ƙarami a ƙarƙashinsa, sannan a ce wanda ya bugo yanzu za a ƙara masa wuƙa biyu da faranti kyauta. Mai kallo yana jin daɗin wanda ya yi ciniki ya yi nasara, alhali bai buɗe baki ba, kuma farashin farkon da aka soke ba lallai ne a ce wani ya taɓa saye a kansa ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun nuna ƙarfin wannan a wani gwaji da suka wallafa a 1974. Sun juya wata ƙafar caca mai lambobi a gaban mutane wadda aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen 45, duk da kowa ya ga cewa lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar. In lambar banza tana jan hankali haka, ina ga lambar da aka ce ita ce ainihin kuɗin kaya? Mai rumfa a kasuwa ma da wannan yake aiki in ya sa suna mai tsada, amma shi kana iya ce masa, "Haba Alhaji, jiya na gani a layin baya."

A gefen farashin akwai agogo da ke ƙirga lokacin da ya rage, da wata lamba da ke nuna yawan kayan da suka saura tana ta raguwa. A Ingila har an yi tashoshi irin su Bid TV da Price Drop, waɗanda suka rufe a 2014, da suka gina kasuwarsu kacokan a kan wannan: farashi yana sauka a hankali, kaya suna ƙarewa, mai kallo yana tsakanin jira ya ƙara sauka da tsoron kada a riga shi. Zuciyar ɗan Adam ta fi jin zafin abin da ya kuɓuce mata a kan daɗin abin da ta samu, shi ya sa "saura goma sha biyu" ta fi "yana da kyau" saurin sa mutum ya ɗauki waya. Idan lambar gaskiya ce, to bayani ne mai amfani ga mai saye. Idan kuwa ƙirƙira ce, ko masu bugo waya suna yabo 'yan gida ne, to ta yi kama da abin da malamai suke kira najashi, wato mutum ya riƙa taya kaya ba don zai saya ba sai don ya zuga wani, kuma hadisi ya hana shi ƙarara.

Biyan kuɗi kashi-kashi shi ne ya cike dabarar. Manyan tashoshin Amurka sun daɗe suna raba kuɗin kaya gida uku ko biyar ana cira daga katin banki wata-wata, kuma ƙaramin adadin ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Wanda ya ƙirga takardun kuɗi da hannunsa ya miƙa yana jin fitarsu a jikinsa, wanda ya karanta lambar kati ko ya tura ta waya kuwa sai ƙarshen wata yake ji. A wannan ma dillaliya ta riga su, domin ta daɗe tana barin kaya a biya ta kaɗan-kaɗan.

Duk da wannan kamanni, akwai wurin da dillaliya da akwatin talabijin suka raba hanya, kuma shi ne ya sa nake ganin tasha mai sayar da kaya dare da rana ba ta yi ƙarfi a nan kamar yadda ta yi a can ba. Dillaliya tana da gida, an san mijinta, an san 'ya'yanta, gobe ma za ta dawo, in atamfa ta zuba a wankin farko akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tashoshin Turai da Amurka sun gane cewa dole su sami abin da zai tsaya a matsayin wannan ƙofa, shi ya sa QVC ta yi suna da ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya in bai gamsu ba, ga gidan waya da kamfanonin kai saƙo da suke isa kowace ƙofa mai lamba. A nan kuwa adireshin mutum yakan zama "bayan masallacin Juma'a, gida mai baƙin ƙyaure," wutar lantarki ba ta da alƙawari, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa ba a cinikin biri a sama. Ko Jumia da Konga da suka fara a 2012 sai da suka yarda a biya bayan kaya ya iso hannu kafin mutane suka saki jiki da su. Saboda haka abin da muka fi gani shi ne 'yan kasuwa suna sayen rabin awa ko awa ɗaya a gidajen talabijin da rediyo, kuma kaso mai yawa na wannan lokaci masu magani ne suke cika shi, na basir da sanyi da ƙarfin maza da rage tumbi. A nan hatsarin ya wuce asarar kuɗin injin albasa. Lambar NAFDAC da ake ɗagawa a gaban kyamara, a kan maganin gargajiya shaida ce ta cewa an gwada ba a ga cutarwa ba, ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa, kuma hukumar takan sa a rubuta a jikin kwalba cewa ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Wannan rubutu ƙanana ne, muryar mai talla kuwa babba ce, ga ta da ayoyi da rantsuwa.

Dokoki dai akwai su. Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ce ke da alhakin tantance talla kafin a watsa, kuma dokar kare masu saye ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in ya tarar bai dace da yadda aka siffanta ba. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ma ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, da sharaɗin in ya zo ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓin fasawa. Matsalar ita ce tsohuwa a Rigasa ko Tudun Wada da aka kawo wa tukunyar da ba ta kai rabin wadda ta gani a allo ba, ba ta san ofishin da za ta je ba, lambar da ta kira kuma an daina ɗauka.

Yanzu sana'ar tana ƙaura daga bango zuwa tafin hannu. A ƙasar Sin, inda shafin kasuwancin intanet na Taobao ya fara sayar da kaya ta bidiyon kai tsaye a 2016, abin ya kai girman da a Disamba 2021 hukumomi suka ci wata shahararriyar mai talla da ake kira Viya tarar yuwan biliyan 1.34 kan kauce wa haraji, mutum ɗaya ke nan. A Kaduna ma duk mai WhatsApp ya san yadda matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin suke cika shafinsu da bidiyo, wasu kuma suna zama kai tsaye a TikTok ko Instagram da dare suna ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, suna kiran masu kallo da suna, "Hajiya ta Malali, ga kalarki ta zo, saura biyu." Wannan ya fi talabijin kusa da dillaliya ta asali, domin a nan mai tallar tana ganin sunanka tana amsa maka, zumuncin ya samu ƙafa ta biyu ko da gajeriya ce, kuma sau da yawa akwai wata da ta san wata da ta san gidanta.

Injin goggo ya yi aiki kamar wata uku kafin haƙoransa su dakushe, ta kira lambar sau biyu ba a ɗauka ba, ta koma wa wuƙarta. Da na je gaishe ta bayan Sallah na tarar da shi an wanke an ajiye a saman firji, talabijin kuma a kunne, matar nan dai ce a kicin ɗinta mai sheƙi, wannan karon tana soya ƙwai a wani kasko da ta ce ba ya bukatar mai. Na ce, "Goggo, ba wannan ce ta sayar miki da injin da ya mutu ba?" Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ita ce. Ai ba ita ta ƙera shi ba. Matsa mini kaɗan, ka tare mini allo."